Yadda Ake Lissafa Wat da Turjiya Daga Lambobin Jikin Caja

A bayan kowace caja akwai ƙananan rubutu da yawancin mutane ba sa kulawa da su, irin su 5V 2A ko 9V 2A. Matashi a garin Shagari zai saka wayarsa a caji tun bayan azahar, la'asar ta wuce batir bai kai rabi ba, sai ya ɗora laifin a kan wayar. Sau da yawa wayar lafiyarta lau. Amsar tana cikin waɗannan lambobi, kuma lissafin bai wuce na firamare ba.

V na nufin bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar. A na nufin amfiya, yawan wutar da ke gudana. Duk wanda ya taɓa ganin masu noman rani a gefen madatsar ruwan Shagari zai gane nan take: ƙarfin injin ban-ruwa shi ne bolt, ruwan da ke fitowa shi ne amfiya, ƙuncin tiyo da tsawonsa kuma su ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Sunan ya samo asali daga Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe da ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827.

Ƙa'idojin biyu ne. Turjiya ita ce bolt a raba da amfiya, R = V ÷ I, inda I ke wakiltar amfiya. Ƙarfin aiki kuwa, wanda ake aunawa da wat, shi ne bolt sau amfiya, P = V × I.

Cajar 5V 2A ke nan wat 10 ce, ta 9V 2A mai saurin caji kuma wat 18. Batirin 5000mAh, irin wanda ya cika wayoyin Tecno, Infinix da Samsung na yanzu, yana aiki a wajen bolt 3.85, don haka yana ɗaukar kusan wat-awa 19. A takarda, cajar wat 10 za ta cika shi cikin awa biyu. A zahiri ya kan wuce haka, domin wani kaso yana tafiya a zafi, kuma wayar da kanta tana rage jan wuta idan batir ya kusa cika.

Inda aka fi cutuwa shi ne igiyar caji. Ita ma tana da turjiyarta. Akwai ƙaramar mita ta USB da ke nuna bolt da amfiya a lokaci guda, kuma da ita ake kama ɓarawon. A ce a bakin caja an ga bolt 5, a ƙarshen igiya an ga 4.2, wutar da ke gudana kuma amfiya 1.6 ce. Bolt 0.8 ya salwanta a hanya. A raba 0.8 da 1.6, an sami om 0.5. Lambar kamar ba komai ba, amma 0.8 sau 1.6 ya ba da kusan wat 1.3 da ke ɗumama igiya kawai. Abin da ya fi wannan muni, wayoyi da yawa idan suka ga bolt ya faɗi sai su rage abin da suke ja, cajin ya koma tafiyar hawainiya. Doguwar igiya mai siririn ƙarfe a ciki ta fi turjiya, kuma alminiyom ya fi tagulla turjiya da kusan kashi 60 cikin ɗari. Kaurin roba ba ya nuna komai. Gajeriyar igiya mai kyau ta fi doguwa mai ƙyalƙyali da fitila a baki.

Wasu na tsoron cajar da aka rubuta 3A za ta ƙona ƙaramar waya. Ba haka ba ne. Wannan lamba iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ce, wayar ke jan abin da take buƙata. Bolt ɗin da ya wuce kima shi ke kashe na'ura.

Mai shagon caji a Shagari ko Boɗinga ya fi kowa buƙatar wannan lissafi. Wayoyi 40 a kan wat 10 kowace, wat 400 ke nan. A wutar gida ta bolt 230, wannan bai kai amfiya 2 ba. Amma idan daga batirin sola na bolt 12 inbata ke ja, 400 a raba da 12 ya haura amfiya 33, ban da asarar inbatar kanta. Zafin da waya ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya. Wayar da ke tsakanin batir da inbata, ko da om 0.05 kawai gare ta, za ta riƙa fitar da zafin kusan wat 56. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, cikin shagon kwano, haka roba ke narkewa da wayoyin mutane arba'in a ajiye. Idan aka haɗa batir biyu suka zama bolt 24, da inbatar da ta dace, amfiya ta ragu da rabi, zafin ya sauko wat 14.

Batirin 12V 100Ah yana riƙe wat-awa 1,200, amma mai ruwa ba a so a zuƙe shi fiye da rabi. Wat-awa 600 a kan nauyin wat 400, awa ɗaya da rabi ke nan bayan faɗuwar rana.

Wanda ya ɗauki mitar masu gyara zai gwada da kansa, ya cire wuta kafin ya auna om. Kada kuma ya kuskura ya juya mita zuwa amfiya ya zura ta a soket ɗin bango, domin a wannan saitin turjiyarta kusan sifili ce, kuma 230 a raba da abin da ya kusa sifili ba ƙaramar lamba ba ce.