Me Ya Sa Ba A Ƙara Wa Mutum Jinin Rago?

Jinin mutum ja ne, na rago ma ja ne, ido ba ya rarrabe su. To, me ya hana likita ya ƙara wa majinyaci jinin rago, ga shi kuwa kullum ana zubar da shi a mahauta?

An taɓa gwadawa. Cikin 1667 wani likita a Faransa, Jean Denis, ya sa wa wani yaro jinin ɗan tunkiya kaɗan, yaron ya rayu. Daga baya ya sa wa wani mutum jinin maraƙi, sai mutumin ya kama amai, fitsarinsa ya yi baƙi ƙirin. Bai daɗe ba ya rasu, magana ta kai gaban shari'a, har aka hana wannan aiki a ƙasar.

Ɗaya daga cikin dalilan yana cikin abin da masana ke kira furotin, watau abin da aka gina nama da jini da shi. Kowane furotin jeri ne na waɗansu ƙananan abubuwa iri 20, ana ce da su amino asid. Ku ɗauke su kamar haruffa: "rago" da "rogo" harafi ɗaya ya raba su, amma ba wanda zai yi layya da rogo. Hakanan kowace irin dabba da yadda ta ke jera nata. Jikin mutum kuwa ya san nasa, in ya ga baƙon jeri cikin jini sai ya tasam masa da yaƙi, ya farfashe ƙwayoyin jinin baƙon.

Wani lokaci bambancin kaɗan ne ƙwarai. Insulin, maganin ciwon sukari, amino asid 51 gare shi. Na saniya ya saɓa da namu a wuri 3 kaɗai, shi ya sa ya yi wa mutane magani tun daga 1922, kafin a fara sayar da irin na mutum cikin 1982.

Watakila wani almajiri mai kaifin hankali zai tambaye ku, "Malam, yaya mu ke cin naman rago lafiya?" Ku gaya masa ciki ya kan warware jerin nan harafi harafi, sa'an nan jiki ya sāke jera su irin nasa. Jinin da aka sa ta jijiya kuwa bai bi ta ciki ba, da jerinsa na rago ya ke shiga.