Ciwon gaɓar muƙamuƙi: ba sai an kai ga yanka ba

Jarin ɗan kasuwa na farko bakinsa ne. Daga kasuwar Aboabo a nan Tamale har zuwa Paga da Bawku, da baki muke ciniki, da goro muke korar barci a hanya. Shi ya sa idan gaɓar da ke gaban kunne, inda muƙamuƙi ya haɗu da ƙoƙon kai, ta fara ciwo ko ƙara "ƙas-ƙas", sai harka ta tsaya. Da yawanmu kuwa tsoron wuƙar likita kan hana mu zuwa asibiti.

Gaskiyar magana, mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba. Likitoci kan fara da hutar da gaɓar: a ajiye goro, rake, ganda da cingam na 'yan makonni, a koma koko da tuwo mai laushi, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Mai cizon haƙora cikin barci akan yi masa robar sawa a baki da dare.

Idan abin ya ƙi, akwai wankin gaɓa. Bayan allurar kashe zafi, likita zai soka allura biyu ya wanke gaɓar da ruwan gishirin asibiti, mutum ya koma gida a ranar. Likitoci a birnin Ƙudus ne suka bayyana wannan hanya a 1991. Akwai kuma leƙa gaɓar da siririyar kyamara, wadda aka fara a Japan a 1975.

Ga gwaji mai sauƙi: lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere. Idan naka ya kasa, ka nufi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tamale da katin inshorar lafiyarka. In aikin ya fi ƙarfinsu, sai su tura ka gaba.

Amma fa a kula. Bakin da ya sarƙe bayan rauni, ko kumburi da zazzaɓi, ko ciwon muƙamuƙi tare da na ƙirji, ba abin jira ba ne. Haka yaron da ya faɗo daga babur ya bugi haɓa, don gaɓar na iya manne masa daga baya. Tramadol kuwa ba ya gyara gaɓa, sai dai ya ƙara mana wata matsalar. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.