Yadda Ake Raba Gadon Mai Rinji a Ƙasar Kano

Kai manomi, da kai dagaci, ku sani wuraren nan da masana'antu suka cika, wato Sharaɗa da Challawa da Bompai, a dā karkara ce ta noma. A wancan zamanin attajirin Kano yakan mallaki rinji, bayinsa suna nome masa.

In ya rasu, sai a fid da kuɗin likkafani, a biya bashi, a cika wasiyya, amma kada ta wuce sulusi. Saura shi ne na magada. A ce gona eka 40 ce, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mace ɗaya. Matar tana da tumuni, eka 5. Kowane namiji 14, macen 7.

Bawa ba ya gado, shi ma cikin dukiya ake ƙidaya shi, a yi masa ƙima tamkar doki, abin takaici. To, amma ƙwarƙwarar da ta haihu da maigida, ran da ya mutu ta zama 'ya, ba mai rabonta. Ɗanta kuwa daidai yake da ɗan matar aure, ba a rage masa ko taki ɗaya. Dagaci ya riƙe wannan, gama gardamar jikoki a kan fili takan taso daga nan. Gandun sarauta, irin na Ɗorayi, ba a raba shi, sarauta yake bi.

Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. A 1936 aka soke bauta ɗungum a Jihar Arewa.