Ba Kowane Mummunan Rubutu Ne Ragwanci Ba

'Yan uwana ɗalibai, kusan kowane aji akwai yaron da rubutunsa jagwalgwalo ne. Kafin ya kwafe layi biyu an goge allo. Sai a ce rago ne, wani lokacin har da bulala.

Amma wasu yaran tsokokin yatsunsu ne ba su yi ƙwari ba, ko kuma ido da hannu ba sa aiki tare. Irin wannan yaron ko sa maɓallin riga wahala yake ba shi.

Akwai ma'aikatan lafiya masu jinya ta hanyar koyar da ayyukan yau da kullum. Suna da makaranta a Oshodi da ke Legas, kuma 27 ga Oktoba ce ranarsu ta duniya. Ba allura, ba ƙwaya. Sukan sa yaro ya murza yumɓu, ya zura duwatsun wuya a zare, ya yanka takarda da almakashi. Ka ce wasa ne, alhali yatsu ne ake ƙarfafawa. Sukan sanya wa fensir roba ya yi kauri don sauƙin riƙewa. Har zama suna dubawa: idan ƙafafun yaro suna lilo ba su taɓa ƙasa ba, hannunsa ba zai natsu ba. A ganina, wannan kam ko malamanmu za su iya dubawa.