Tafiya Hutu Da Yara: Kafin Ki Sa Ƙafa Cikin Jirgin Ruwa

Yau zancenmu a kan tafiya hutu ne da yara, musamman tafiyar da sai an ƙetare ruwa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan jiragen ruwa waɗanda iyali kan shiga su yi mako guda ko biyu suna yawon shan iska a teku, a ciki za su ci, a ciki za su kwana. Mu nan Faru da Maradun da Bakura da Talatar Mafara ba mu da teku, amma muna da Gulbin Sakkwato da tafkin madatsar Bakolori wadda aka gama ginawa cikin 1978. Kuma babban hutun makaranta yakan faɗo ne tsakiyar damina, daidai lokacin da gulbi ke cika yana tumbatsa. A lokacin ne uwa za ta kwashi yara zuwa gidan kakanni ko wurin biki, sau da yawa kuwa sai an hau jirgin fito.

To, 'yar uwa, akwai abin koyi a wurin masu manyan jiragen nan. Cikin 2012 wani jirgin shan iska mai suna Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu. Bayan haka aka tsananta doka, tun daga 2015 dole ne a tara fasinjoji a nuna musu yadda ake sa rigar hana nutsewa da inda kowa zai nufa in hatsari ya auku, kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Idan jirgin ƙarfe mai hawa da yawa yana bukatar wannan shiri, ina ga kwale-kwalen katako?

Mu ma mun ga abin da ya isa ya zama darasi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai cikin Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Cikin Satumba 2024 kuma wani ya kife a Gumi, nan jiharmu, aka yi hasarar rayuka da yawa. Allah Ya jiƙansu. Abin da aka fi ambata a irin wannan hatsari shi ne lodi fiye da kima.

Saboda haka ga abin da za ki kula da shi. Da farko dubi jirgin tun kina bakin gulbi. In kin ga ruwa ya kusa taɓa bakinsa, ko ana ta kwarfe ruwa daga ciki, ko an haɗa mutane da babura da buhuna da dabbobi, ki haƙura ki jira sawu na gaba. Kada kunyar abokan tafiya ta sa ki shiga. Gara a ce kin makara wurin biki.

Na biyu, ki yi sammako. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, ga shi kuma hadari ya fi tasowa da yamma. Halin tsaron hanyoyinmu ma ya isa ya sa ki isa masauki da sauran rana.

Na uku, tambayi mai fito ko yana da rigar hana nutsewa. In akwai, a fara sa wa yara, a ɗaure ta tamau. Jaririnki kuma ki kwance shi daga goyo ki rungume shi a gaba, inda kike ganin fuskarsa. Kowane ƙaramin yaro a haɗa shi da babba guda wanda zai riƙe shi, a zaunar da su tsakiya. Ku 'yan makaranta, ban da tsayuwa, ban da leƙe, ban da tsoma hannu cikin ruwa. In jirgi ya yi tangaɗi kowa ya zauna inda yake, don rugawa gefe guda ita ke kifar da shi.

Bayan an sauka ma da sauran aiki. Hana yara wanka a tafki da magudanan noman rani, domin a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya. In kin ga jini cikin fitsarin yaro, wannan ciwo ne, a kai shi asibiti, akwai maganinsa. Ki riƙa musu dafaffen ruwan sha daga gida, da gidan sauro.

Daga ƙarshe, ki shawarci maigida tun kafin ranar tafiya, ya ba da kuɗin fito wadatacce, don kada ƙarancin guzuri ya tilasta miki shiga jirgin da ya cika. Ziyarar dangi abu ne mai kyau, yara su san kakanninsu, su ga ƙasarsu. Sai dai Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.