Sankara: masana na neman hanyar yanke mata abinci

Jama'a, duk wanda ya taɓa jinyar mai sankara ya san wahalar maganinta: amai, kasala, gashi ya zube. Dalili kuwa, maganin na bin jini ko'ina, ya taɓa nama mai ciwo da mai lafiya baki ɗaya. Shi ya sa masana a Turai, Amurka da Sin ke neman wata dabara.

Tun shekarun 1920 wani masanin Jamus, Otto Warburg, ya gano cewa ƙwayoyin sankara na cin sukarin jini fiye da sauran ƙwayoyin jiki nesa ba kusa ba. Kamar murhun mai tuyar ƙosai ne ranar kasuwa: in icce ya yanke, wuta sai ta mutu.

To ta yaya za a yanke mata icce ba tare da an cuci jiki ba? Nan ne ƴan ƙananan ƙunshin da ake kira nano suka shigo. Silin gashi guda ya fi ƙunshi ɗaya kauri sau ɗaruruwa. Jijiyoyin da ke ciyar da kumburin suna da ƴan kafofi, ta nan ƙunshin ke kutsawa ya zube kayansa. Amurka ta amince da Doxil a 1995, da Abraxane na sankarar nono a 2005, sai dai su maganin da aka saba suke ɗauke da shi. Sabon aikin shi ne a ɗora wa ƙunshin sinadarin da ke ƙone sukari cikin kumburin, yunwa ta kashe shi.

Amma a yi hattara. Yawancin wannan gwaji kan ɓeraye ake yinsa. A 2016 masanan jami'ar Toronto ta Kanada sun nuna cewa abin da ke isa kumburin ɓera bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙunshin da aka yi allurarsa ba.

Don haka, ƴan uwa mata, duk wanda ya kawo muku kwalba cikin kasuwa ya ce maganin nano ne mai kashe sankara da yunwa, ku riƙe kuɗinku. Barin shan sukari ma ba ya warkar da ita, don hanta na haɗa nata sukarin. Wadda ta ji kulu a nononta ta tafi likita tun da wuri. Cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashin ciwon da na'ura tun 2021. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.