Idan Na'urar Duba Mota Ta Ƙi Aiki, Laifin Wa?

Yawancin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana tsofaffi ne daga Amurka da Turai, kuma duk wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka tun 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, wato OBD-II. Ta nan makanikan unguwannin Nima da Maamobi ke jona kwamfuta su karanta ciwon mota. Sai dai sau da yawa manhajar duba motar kan cije tun ba ta kai ga injin ba: ko ta ce lasisin ba na wannan kwamfutar ba ne, ko ta ce ba ta ga wayar da ke haɗa kwamfuta da mota ba. Mai mota sai ya ɗauka ƙwaƙwalwar motarsa ce ta ƙone, alhali matsalar tana cikin kayan aikin masta.

Manhajoji da yawa sukan haɗa lambar shaida daga sassan kwamfutar, kamar faifan ajiya da katin intanet, su ɗaure lasisi da ita. Da an canza faifai ko an sake ɗora Windows, lambar na iya sauyawa, mabuɗin ya daina buɗewa. Ko ƙaramin batirin agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata ya koma baya, manhaja kan zaci wayo ake mata. Waɗannan duk suna gyaruwa idan kayan na asali ne, domin kamfani na iya sake ba da mabuɗi. Mai jabun waya ba shi da wurin kai kuka. A 2014 kamfanin FTDI ya fitar da sabuntawa ta Windows wadda ta kashe jabun guntayensa, irin waɗanda ake samu cikin wayoyin jonawa masu araha, aka wayi gari kwamfutoci ba sa ganinsu.

Za a ce na asali sai mai hali: kamfanonin Autel da Launch suna karɓar kuɗin sabuntawa duk shekara, da dala, ga sidi ba ta da tabbas. Gaskiya ne, ba kuma makanikin zango ne ya tsara farashin ba. Amma a lissafa yinin da aka ɓata ana faman buɗe manhajar sata, da kayan da aka sayo a kasuwar Abossey Okai bisa zato. Ba kuma kowane lasisi ke ɗaure da kwamfuta ba. Na VCDS, mai duba Volkswagen, cikin wayar yake, ana iya jona ta a kowace kwamfuta mai Windows. Gareji uku ko huɗu za su iya yin adashi su sayi na'ura ɗaya ta ƙwarai, su ware mata kwamfutar da yaran shago ba sa kallon fim da ita.

Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa, ka nemi a gwada motar da wata na'urar.